Gari na cika da baƙi, kantin cefane kuma har yanzu ɗaya tal

Duk garin da Allah ya yi wa baiwar bakin teku ko duwatsu masu ƙanƙara, da zarar 'yan yawon buɗe ido sun gano shi abin da za ka fara gani otal-otal ne da gidajen haya na kwana biyu uku, sai gidajen abinci ko'ina, amma inda mutum zai sayi burodi da madara da sabulun wanki yana nan guda ɗaya kamar lokacin da garin yake ƙauye. Wannan abu yana damuna sosai, don ba baƙin yake ci ba.

Baƙo hutun sati ɗaya ya zo, ya riga ya ware kuɗin kashewa, ko an yi masa ƙari a kan robar ruwa ba zai tsaya lissafi ba. Amma ka dubi matar da ke gyaran ɗakuna a otal, ta tashi aiki da yamma ƙafa duk ta kumbura, ta shiga kanti ta tarar madara mai sauƙin kuɗin ta ƙare tun rana sai mai tsadar, ta ɗauka haka nan don yara na jira, sannan ta bi layi bayan mutum goma kowa kwandonsa shaƙe da lemo da kayan ƙwalama. Ita fa a garin take wata goma sha biyu, farashin da aka yanka don baƙo shi take biya har bayan baƙin sun watse.

Masu kantin suna da uzurinsu kuma ban ce ƙarya suke ba. Haya a irin wannan gari wuta ce, dakon kaya daga nesa ake yinsa, ma'aikata ba sa samun wurin kwana, ciniki kuma na 'yan watanni ne, ga shi dama ribar manyan kantunan cefane galibi ba ta wuce kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari. Toh amma ɗan kasuwar da ya san kwastoma ba shi da wurin zuwa, me zai sa ya matse kansa ya rage? Babu. Sai ranar da wani ya buɗe a tsallaken titi.

Kuma ba lallai sai katafaren kanti ba. Aldi, wanda 'yan'uwan nan Karl da Theo Albrecht suka gina a Jamus, kayan da yake ajiyewa ba su fi kala 2,000 ba alhali manyan kantuna na jera dubun dubata, kayan ma a cikin kwalinsu ake ɗora su a kanta don rage aiki, shi ya sa yake iya karya farashi. Irinsa ma'aikacin otal da direba da malamin makaranta suke buƙata, ba shagon ƙawa mai sayar da cuku kala hamsin ba.

Sai dai a kula, allon suna biyu ba shi ne gasa ba, a tambaya waye mai su. A Amurka akwai garuruwan kan dutse a jihar Colorado da manyan kantunansu biyu ne, City Market na kamfanin Kroger da Safeway na Albertsons. A 2022 Kroger ya ce zai saye Albertsons kan dala biliyan 24.6, da an yi da kantunan nan biyu sun koma hannu ɗaya, ko kuma a sayar da ɗayan ga wanda ba a san ƙarfinsa ba. Babban lauyan jihar ya garzaya kotu a Fabrairun 2024, a Disamba kuma wata kotun tarayya a Oregon ta taka wa cinikin birki ya ruguje. Birtaniya ma a 2019 haka ta hana manyan kantunan Sainsbury's da Asda haɗewa.

Inda aka fi yin wasan ma a kan filin gini ne. Garin shaƙatawa fili kaɗan gare shi, teku ta tare nan dutse ya tare can, sai babban kanti ya saye fegin da ya rage ya bar shi haka kawai, ko ya sayar da sharaɗin kada a taɓa buɗe kantin abinci a wurin. Birtaniya sai da ta kafa doka a 2010 don hana manyan kantuna gindaya irin wannan sharaɗin.

Don haka ni hukumar gari nake kallo, ita ke ba da izinin gini. Kafin ta sa hannu a kan otal na gaba ta ware fili na kantin cefane na biyu, mai shi daban, kusa da unguwar da ma'aikata ke kwana ba bakin ruwa ba, kuma bas ta riƙa tsayawa a ƙofarsa har bayan an tashi aikin dare.