Ruwan Alau bai yi sallama ba

Yawancinmu mun ɗauka sauyin yanayi abu ne mai tafiyar hawainiya: zafi ya ƙaru kaɗan bana, damina ta ɗan makara baɗi, har jikokinmu su san yadda za su yi da shi. A ganina wannan zato ne zai cuce mu, domin tarihin ƙasarmu ya nuna yanayi kan juya farat ɗaya.

Tafkin Chadi shaida ne. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 ya zo, na 1984 ya biyo baya, kafin a ankara abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Masuncin Baga da ya gaji kwalekwale daga mahaifinsa ya wayi gari yana shuka masara da wake a inda yake jefa koma. Duk wannan cikin shekara ashirin da 'yan kai, yaron da aka haifa bakin ruwa bai ma yi aure ba.

Yanzu kuma masana na gargaɗin cewa narkewar ƙanƙarar tsibirin Greenland da ke can arewacin duniya na iya raunana igiyar ruwan Tekun Atlantika mai kai ɗumi arewa. In ta raunana sosai, hadarin da ke kawo mana damina zai iya karkata kudu, ya bar gero da dawa a tsaye babu ruwa. Masu nazarin kansu ba su haɗu a kan lokacin ba, amma ai manomi ba ya jiran tabbacin yunwa kafin ya gina rumbu.

Ruwan ma in ya zo, ba ya zuwa da sauƙi. Ranar 10 ga Satumba, 2024, mutanen Maiduguri suka farka cikin ruwa bayan madatsar Alau ta ɓalle. Ya cinye Gwange, ya shiga Kasuwar Monday da asibitin koyarwa, mata na ratsa shi da yara a kafaɗa, ƙullin kaya a ka. Abin da ke ci mini rai shi ne, wannan madatsa ta taɓa yin ambaliya a 1994. Shekara talatin cur muna da labari.

Najeriya na da dokar sauyin yanayi tun 2021, akwai kuma asusun kula da muhalli da jihohi ke samun kaso daga ciki. Ina roƙon gwamnoninmu su bayyana wa jama'a inda kuɗin ke tafiya. A tura injiniyoyi su duba madatsun Tiga da Bakolori da Goronyo kowace shekara kafin ruwan farko, a buga rahoton kowa ya gani. Hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, kuma a daina barinsa a ɗakin taro a Abuja. A karanta shi da Hausa da Kanuri da Fulfulde a rediyo, gunduma-gunduma, tun manomi bai sayi iri ba.