Kanon da ke cikin lungu

Duk wanda ya ce ya san Kano alhali bai taɓa ajiye mota ya shiga lungu da ƙafa ba, titunan Kano ya sani.

Makon jiya abokina ya zo daga Maraɗi. Niyyata in zaga da shi manyan kantuna, mu ci kaza mu dawo. Sai maƙwabcinmu, wani dattijo haifaffen cikin badala da muke kira Baba, ya ce, "Haba yaro, haka ake nuna wa baƙo gari? Ku biyo ni."

Da karofin Ƙofar Mata muka fara, inda ake cewa tun 1498 ake rini. Ramuka da yawa sun ƙafe, abin ya taɓa min zuciya. Amma ga wani tsoho a bakin nasa ramin, hannunsa ya rine har farce, yana tsoma yadi a ruwan baba yana ɗagawa. Yadin ya fito kore-kore, iska na taɓa shi sai ya koma shuɗi, kana kallo. Can gefe masu bugu suna sauke taɓarya bi da bi, ka rantse kiɗa ne. Baba ya gaishe da tsohon, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, nan take aka jawo mana benci. Da mu kaɗai muka je, farashi kawai za mu ji.

Daga nan muka ratsa Kurmi, kasuwar da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Baba yana tafe yana kiran sunayen unguwanni: Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Ayagi ta Yarabawa, Dandalin Turawa inda Larabawa fatake suka zauna. Shekaruna nawa ina wuce wuraren nan a adaidaita, ban taɓa lura cewa sunayen suna faɗa min daga ina mutanen suka zo ba.

Abin da ke damuna shi ne mun mayar da al'ada hawan sallah kawai. Doki da kwalliya, kwana kaɗan, an tashi. Marini da dukawa da majema kuwa kullum suna bakin aiki, kuma ba hoto suke buƙata daga gare mu ba, ciniki suke buƙata. Idan babu mai saye, wane ɗa ne zai yarda ya gaji ramin ubansa?

Abokina ya sayi yadi biyu, ni ɗaya. Baba ya ce wa abokina ya dawo da azumi, zai kai mu mu ga tashe da yadda Nalako, sarkin gwauraye, ke kama gwauraye.