Kazar ce ta daina ci, ko kai ne ka ƙoshi?

'Yan uwana masu koyon Sinanci ta hanyar Turanci, masu haramar jarrabawar ƙwarewa a Sinanci ta HSK da masu zuwa Guangzhou ko Yiwu saro kaya, ku matso in ja kunnenku. Na lura mun saba jefa jimla cikin manhajar fassara, ta fito mana da layin Turanci ɗaya, mu hardace shi kamar karatun allo. Wannan ɗabi'a sai ta kai mutum ta baro.

Ku dubi wannan: 鸡不吃了, ji bu chi le. Kalma huɗu kacal: kaza, korewa, ci, sai "le" mai nuna al'amari ya sauya. Idan a bakin akurki aka faɗe ta, kazar ce ta daina cin tsaba, wataƙila ba ta da lafiya. Idan kuwa ana zaune gaban kwano ne, mai maganar ne ya ƙoshi da naman kaza, ba zai ƙara ba. Basine bai ga laifin barinta haka ba, don yakan yar da "ni" da "shi" muddin an san wanda ake nufi, aikatau ɗinsa kuma ba ya sauya kama don jiya ko gobe. Turanci ne mai taurin kai: sai ka faɗi wanda ya yi aikin, da yaushe, da kaza ɗaya ce ko kaji. Saboda haka abin da manhaja ta ba ka zaɓi ne ta yi maka, ba ta kuma gaya maka ta zaɓa ba.

A bakin Basine ma, "shi" da "ita" duk "ta" ake furta su. A rubuce ne kawai aka raba su, harafin mace 她 kuwa sai wajen 1920 ya fara bazuwa.

Ku daina kwafo jimla tsirararta. Ku rubuto ta tare da ta gabanta da ta bayanta, ku tambayi malami wane ne ya faɗa, kuma a ina. In ta ɗauki ma'ana biyu, ku rubuta duka biyun a littafi.

'Yan kasuwa, taku ta fi zafi. 借, jie, ita ce bayar da rance, ita ce kuma karɓarsa. 我借他一百块 tana iya zama na ranta masa yuan 100 (kuɗin Sin), tana iya zama na ranto a wurinsa. In an maƙala mata 给, an ce jie gei, to ni ne na bayar. In babu, kada ka sa hannu a takardar sai ka tambayi abokin cinikinka wane ne yake bin wani.