Golovin da shekarun da aka cinye masa

Tun ranar da aka raba rukunnan share fagen Gasar Kofin Duniya ta 2026 a Turai babu sunan Rasha, Aleksandr Golovin, ɗan ƙwallon Rasha, ne ke yawan faɗo mini a rai. A 2026 yake cika shekara 30, kuma wannan ce babbar gasa ta uku a jere da za ta wuce shi, bayan Kofin Duniya na Katar a 2022 da Kofin Turai na 2024.

Duk wanda ya kalli wasan buɗe gasar 2018 a Mosko ya san yaron da nake nufi. Rasha ta lallasa Saudiyya da ci 5 da nema, Golovin ya bayar aka zura biyu, sannan ya rufe da tasa ta bugun tazara. Yana da shekara 22 a lokacin, ɗan mai haƙar kwal daga Kaltan, wani ƙaramin gari a Siberiya. Rasha ta cire Sifaniya a bugun fenariti, Kuroshiya ta tsayar da su a zagayen kusa da na kusa da ƙarshe. A watan Yulin shekarar Monaco ta saye shi daga CSKA Mosko, inda suka taka leda tare da namu Ahmed Musa, kan kusan Yuro miliyan 30.

Ranar 28 ga Fabrairun 2022 FIFA da UEFA, hukumomin ƙwallon ƙafa na duniya da na Turai, suka dakatar da Rasha saboda mamayar Yukren, saura makonni kaɗan ta kara da Poland a wasan neman gurbi. Daga nan sai wasannin sada zumunta kawai, irin wanda suka yi kunnen doki 1-1 da Najeriya a Mosko a Yunin 2025.

Masu goyon bayan hukuncin na cewa Kremlin, wato gwamnatin Rasha, na ado da ƙwallo, don haka a hana ta. To an hana, yaƙin ya tsaya? Jinin da ake zubarwa a Yukren abin takaici ne, amma Golovin bai tura soja ko ɗaya ba. Kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne, UEFA ɗin nan ta bar shi yana buga Gasar Zakarun Turai da rigar Monaco, inda kuɗi ke shigo mata. Rigar ƙasarsa ce kaɗai ta zama haramun. Isra'ila kuwa, duk da abin da duniya ta gani a Gaza, ta buga share fagenta ba wanda ya tare ta.

Mu 'yan Najeriya mun ɗanɗana wannan. Gwamnatin Abacha ta hana Super Eagles zuwa gasar Kofin Afirka a Afirka ta Kudu a 1996, hukumar ƙwallon Afirka CAF ta hana mu gasar 1998. Su Okocha da Kanu, suna kan ganiyarsu, suka rasa Kofin Afirka biyu kan rigimar da ba su suka tayar ba. Har yau muna cizon yatsa.

Ko yaran Rasha 'yan ƙasa da shekara 17 da UEFA ta so dawowa da su a 2023, sai da Ingila da Poland da wasu suka ce ba za su buga da su ba, ta janye. Yara fa!

In tuta da taken ƙasa ne matsalar, a cire su, kamar yadda aka yi wa wasu Rashawa a Olamfik ɗin Paris a 2024. A bar Golovin ya shiga fili kafin ƙafafunsa su gaji.