Biri ya yi kama da mutum, amma ba a inda kuke zato ba

Duk lokacin da bidiyon Ayumu ya sake zagayowa a Facebook sai ka ji ana cewa biri ya fi mu ƙwaƙwalwa. Ayumu cimfanzi ne, wato wani nau'in babban biri, a cibiyar binciken birai ta Jami'ar Kyoto a Japan. Ana haska masa lambobi 1 zuwa 9 a warwatse a allon kwamfuta, kafin ƙiftawar ido a rufe su, shi kuma ya taɓa gurabensu bi da bi. A 2007 ya kayar da ɗaliban jami'a. Abin burgewa ne, amma hadda ce, kuma wasu mutanen da suka dage da atisaye sun kamo shi daga baya.

Ni wanda ya fi tsaya min a rai gwajin da Victoria Horner da Andrew Whiten suka wallafa a 2005 ne, da birai na tsibirin Ngamba a Uganda da kuma ƙananan yara. Akwati ne da aka ɓoye lada a ciki. Mai gwaji ya ɗauki sanda, ya zare sakatar sama, ya zura sandar a ramin saman, sannan ya buɗe ƙofar gaba ya ciro ladan. Da akwatin baƙi ne, biri da yaro duk suka kwaikwayi komai. Da aka kawo wanda ake ganin cikinsa, ya bayyana cewa zungurar saman nan ba ta tsinana komai. Birai suka watsar da ita, suka nufi ƙofa kai tsaye. Yara 'yan shekara uku zuwa huɗu kuwa suka ci gaba da zungura yadda suka ga babba ya yi.

A gaban akwatin nan dai biri ya fi dabara, babu musu. Kuma kada a raina shi: a 2025, a Ngamba ɗin, an nuna cewa cimfanzi kan sauya akwatin da ya zaɓa bisa zaton akwai abinci a ciki idan aka kawo masa hujjar da ta fi ta farko ƙarfi, har ya janye idan ya gano tuffar da ya hango hoto ce kawai. Mutane nawa ka sani da ke sauka daga ra'ayinsu da sauƙi haka?

Duk da haka ra'ayina shi ne wautar yaron nan ita ce jarinmu. Yaron da ke koyon rini a marinar Ƙofar Mata yana zuba toka da baba da katsi yadda ya ga ubangidansa yana yi, shekaru kafin ya fahimci dalili, wani ma har ya tsufa bai fahimta ba, amma shuɗin na kamawa. Da kowa zai jefar da matakin da bai ga amfaninsa ba, da sana'ar ta mutu tun kakanni.

Biri kuwa abin da idonsa ya ga amfaninsa kaɗai yake ɗauka. A dajin Taï na Kwaddibuwa an haƙo duwatsun fasa ƙwallon 'ya'yan itace da cimfanzi suka yi aiki da su shekara kusan 4,300 da suka wuce. Jikokinsu na nan a dajin, ɗan biri na shafe shekaru yana kallon uwarsa kafin ya iya, kuma har yau da dutse ko guntun icce suke fasa ƙwallon, babu abin da aka ɗora a kai.