Ranar da Na Koya wa 'Ya'yan Mutane Gaisuwa da Hagu

Bakina ne ya ja mini, ba kowa ba. Taron iyaye da malamai ake yi a makarantar su ɗana a nan Argungu, wata Asabar da hantsi. An gama rigimar kuɗin gyaran rufin kwano, kowa ya fara laluben takalminsa, sai hedimasta ya ce saura magana ɗaya. Malamin da ke kula da 'yan sikawut an yi masa canjin wurin aiki, yara sun fi wata huɗu ba mai ja musu gaba, ko a cikin iyaye akwai mai sa kai? Ya ƙara da cewa aikin lada ne, ba albashi, ba alawus.

Nan take kowa ya tuna yana da saƙo a waya. Ni kuwa da ma yin shiru a taro ciwon kai yake sa mini, sai kawai na ji bakina ya ce, "Allah sarki, sikawut! Ai mu ne muka yi na gaske a zamaninmu, ba irin na yanzu ba." Ban ce zan yi ba. Wallahi ban ce ba. Amma kafin in haɗiye yawu an soma tafi, wani dattijo a bayana yana ta "Allah shi biya ka, Allah shi biya ka," sakatare kuma har ya rubuta sunana ya ja layi a ƙarƙashi.

Abin da ban faɗa wa taron ba shi ne, sikawut ɗin nawa na zamaninmu mako uku ne cur. Ina aji biyar na shiga, shinkafa ta fara nuna, Baba ya ce in fareti nake so in je fadama in yi wa jan-baki, ya miƙo mini gwangwani da tsakuwa a ciki. Daga nan ban sake komawa ba. Duk abin da ya rage a kaina shi ne ƙarar usur.

Tela ya auna ni, ya dubi tumbina, ya ce sai an ƙaro yadi. Ya tambaya ko gajeren wando zai yanka kamar na yaran. Na ce ya ji tsoron Allah, ina da 'ya da ta isa aure. Ranar da na sa kakin a gida, na naɗe ɗan gyalen nan a wuya na zura shi cikin zobensa, uwargida ta fito daga madafi da muciya a hannu, ta tsaya tana kallona daga sama har ƙasa.

"Maigida, lafiya? Ko sojan gona aka fara ɗauka a Kabi?"

Na ce mata wannan ƙungiya ce ta duniya baki ɗaya. Ta ce to, amma dai gyalen ya yi kama da wanda ta ɓatar a bikin ƙanwarta. Ta koma ciki, ina jin dariyarta tana karo da tukwane.

Dare uku na yi ina karatu a waya har sai caji ya ƙare. Na haddace cewa wani hafsan sojan Ingila, Baden-Powell, shi ya kafa abin, da ya kwashi yara kusan ashirin ya kai su zango a tsibirin Brownsea a 1907. Na haddace cewa sikawut ya shigo Nijeriya a 1915. Na haddace taken nan na zama cikin shiri, da sarawa da yatsa uku, babban yatsa ya danne ƙaramin. Sai kuma abin da ya fi burge ni: 'yan sikawut a ko'ina da hannun hagu suke gaisawa. Wasu sun ce don shi ya fi kusa da zuciya. Wasu kuma suna ba da labarin cewa a wurin mayaƙan Ashanti na ƙasar Gana ta yau Baturen ya samo, wai jarumi a hagu yake riƙe garkuwa, don haka ba ya miƙa maka wannan hannu sai ya yarda da kai har ya ajiye ta. Na ce madalla, ga ilimin da ko hedimasta ba lallai ya sani ba. A nan zan nuna musu ni tsohon hannu ne.

Yara ashirin da huɗu na tarar, har da ɗana, wanda tun da ya hango ni a cikin kaki ya koma layin baya. Tarihi ya tafi lafiya lau. Sai aka zo darasin ƙulli, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Na ɗauko igiya biyu, na ce yau za mu koyi ƙullin da ba ya zamewa, dama a kan hagu, hagu a kan dama. Na ƙulla, na ɗaga sama, na ba yara biyu na ce kowa ya ja iya ƙarfinsa. Suka ja. Ɗaya ya faɗi ta gabas, ɗaya ta yamma, kowa da igiyarsa a hannu.

Wani ɗan siririn yaro, ɗan masunci, wanda ubansa ke shiga kogin Matan Fada da gora da homa duk lokacin da aka yi bikin kamun kifi, ya matso ya ce, "Malam, ko in gwada?" Ban ma ga yadda yatsunsa suka yi ba. Sai dai na ga ƙulli zaune daram, yara huɗu suna ja ya ƙi motsi. Ya sake yin wani, ya ce da wannan suke ɗaure kwalekwale. Ya yi na uku, na ɗinkin koma. Na gyara murya na ce, "Yauwa, da ma gwada ku nake yi in ga wa ke mai da hankali." Daga ranar na naɗa shi mataimakina a fannin igiya, ni kuma na riƙe fannin jawabi.

Fannin gaisuwa ma na riƙe shi gam. Duk Asabar sai na jera su, kowa ya zo ya ba ni hagu. Wanda ya manta ya miƙo dama, tsallen kwaɗo goma. Cikin wata guda hannun hagunsu ya koyi fita da kansa.

Da hutun Disamba ya zo, hunturu ya kankama, na ce sikawut ba zango ai miya ce ba gishiri. Iyaye suka ce sun yarda, amma kwana ɗaya, kuma kada a yi nisa da gari. Muka samu wata gonar mangwaro a bakin fadama, a wani ƙauye da bai fi tafiyar rabin awa ba. Tanti kuwa babu. Wani mai injin casa ya ara mana tamfol biyu na shanyar shinkafa, babba da ƙarami. Babban na ba yara, ɗan masunci ya ɗaure musu shi tsakanin itatuwa huɗu. Ƙaramin na ce na shugaba ne, kuma shugaba da hannunsa yake kafa tantinsa. Yaron ya dubi ƙullin da na yi, ya buɗe baki, ya sake rufewa.

Wuta ma na ce ba za a taɓa ashana ba, da murza kara za mu kunna kamar yadda na gani a bidiyo. Na durƙusa ina murzawa har tafin hannuna ya yi ƙuna, ko hayaƙi bai fito ba. Ina ɗaga kai na ga murhu na ci bal-bal a bayana, wani ya je gidan da ke kusa ya roƙo garwashi a kasko. Ban tambayi ko wane ne ba.

Shinkafar kuwa, a ƙasar shinkafa, ni da aka haifa a cikinta, ban taɓa sanin haka take kumbura ba. Mudu shida na juye a tukunyar da ba ta iya dafa fiye da huɗu. Can sai murfi ya fara tashi a hankali kamar mai leƙen wanda ya zo. Muka kwashe na sama muka zuba a bokiti, ta sake tasowa. A ƙarshe ƙasa ta kama, tsakiya ta caɓe, sama kuma tana ƙaras-ƙaras a haƙori. Yara suka ci da manja da yaji ba wanda ya ce uffan, sai ɗana da ya matso ya raɗa mini, "Baba, don Allah kar ka gaya wa Inna ni na taya ka."

Bayan la'asar aka ce ga mai gari nan tafe, zai duba baƙinsa. Dattijo ne fari tas, da rawani da sanda, mutum huɗu a bayansa. Na busa usur, yara suka jeru, suka sara da yatsa uku, abin gwanin sha'awa. Mai gari ya ji daɗi, ya tako gaban layi, ya miƙa hannu ga yaron farko don ya sa masa albarka.

Yaron ya ba shi hagu.

Tsaye ƙiƙam, ba durƙuso, ido cikin ido, yadda na koya masa. Na biyu ma har ya zaro nasa yana jira, na uku haka, layi guda na hannuwan hagu a miƙe kamar reshen bishiya. Ɗaya daga cikin 'yan rakiyar ya ce "Subhanallahi!" da ƙarfi. Ni kuwa ji na yi gyalen wuyana ya matse.

Mai gari ya janye hannunsa a hankali, ya juyo. "Wa ya koya ma ɗiyan ga wanga abu?"

Hannuwa ashirin da huɗu suka nuno ni. Da hagu.

Na zube ƙasa. "Ranka ya daɗe, al'adar ƙungiya ce. Wai jarumi ne yake ajiye garkuwarsa, alamar amana, don garkuwa a hagu take." Na kawo Ashanti, na kawo Baden-Powell, har 1907 sai da na ambata, kamar shekarar za ta cece ni. Ya bar ni na kai aya, sannan ya ce, "To mun ji. Amma Kanta da ya gina Surame, shi ma ai yana da garkuwa, ba mu taɓa jin ya gaida na gaba da shi da hagu ba. In Baturen ya zo, ku ba shi. Ni ku bar mini damata." Ya ƙura mini ido. "Tsaya. Ba kai ne ɗan wane ba, na bakin kasuwa? Wanda ke kora mai tsuntsaye a fadama?"

Na ce ni ne, ranka ya daɗe. Yara ashirin da huɗu suna ji.

Da dare na shige tantina ban yi hira da kowa ba. Tamfol ɗin shanya, ashe, ƙaiƙayin shinkafa ba ya barinsa. Ina kwanciya jikina ya ɗauki susa. Wajen ƙarfe uku iska ta taso, ina jin igiyoyina suna kuka ɗaya bayan ɗaya. Sai kuma na ji wani abu mai nauyi yana numfashi daf da kaina, yana goga jiki a jikin tamfol. Ban tsaya tambaya ba. Na cusa usur a baki na busa iya ƙarfina, na zabura zan fita, ƙullin shugaba ya saki gaba ɗaya, tamfol ya rufto ya naɗe ni kamar alkaki. Na yi tuntuɓe da turke, na faɗi a kan hannuna na dama.

Da yara suka warware ni, suka haska tocila, jakin mai gonar ne tsaye yana tauna ragowar igiyata. Tantinsu kuwa ko gezau.

Wuyan hannun ya kumbura suntum. A nan na ga abin da ban koyar ba, domin malamin da ya tafi ya riga ya koya musu. Ɗan masunci ya kwance gyalen wuyana, ya shimfiɗa shi kusurwa uku, ya tallabo hannun a ciki, ya ɗaure a gefen wuyana da ƙullin nan dai, dama a kan hagu, hagu a kan dama. Ashe amfanin gyalen ke nan. Suka matsa mini wuri a tantinsu, na kwana tsakanin yara biyu masu minshari, ɗana ya lulluɓa mini bargonsa bai ce komai ba.

Da safe dole a je a yi wa mai gari sallama. Muka same shi a ƙofar gida a kan buzu, yara suka zube suka gaishe shi yadda iyayensu suka koya musu, ba wanda ya jira umarnina. Na durƙusa a gefe ina addu'ar a tashi lafiya. Sai ya miƙo mini hannu. Na dubi damata tana rataye a cikin gyale, na dubi hannunsa, na dubi ƙasa.

Ya dubi gyalen shi ma. Rawaninsa ya fara girgiza tun kafin dariyar ta fito.

"Kawo hagun, Malam Sikawut," in ji shi. "Yau kam ka aje garkuwa."

Sunan nan ya riga ni isa Argungu. Mako biyu uwargida tana ajiye mini cokali kusa da tuwo, tana tambaya ko shi ma al'adar ƙungiya ce. Hedimasta kuwa ya aiko mini da takarda, wai akwai horon da ake ba shugabannin sikawut, kuma ganin irin ƙoƙarin da na yi, ya riga ya sa sunana.