Ranar da Na Kira Gari Sayen Nama

A gidanmu ba a tambayar yaro me zai zama in ya girma, sai dai a tambayi wane kalangu zai rataya. Kakanmu ya yi wa mahauta kiɗa tun ana liƙi da sulai, kafin naira ta shigo a 1973. Baba ya gaje shi. Yayata ko daka take yi sai lugudenta ya tara 'yan rawa. Autanmu ya koma situdiyo yana haɗa kiɗa da fiyano da kwamfuta, abin da Kaka yake kira "kiɗan marasa hammata". Ni ne na fita zakka. Ko tafi na shiga, sai na ɓata wa jama'a.

Shi kalangu ba duka kawai ake yi masa ba. Tsarkiyar da ta haɗa fatun nan biyu ita ce harshensa: ka matse ta a hammata murya ta hau, ka sassauta ta sauka. Da haka yake faɗin magana sak, kuma kowa da takensa. Duk na san wannan a baki.

To, ranar sunan jikan Sarkin Fawan garinmu aka tafi da ni ɗaukar kaya. Bayan la'asar aka kira Baba cikin gida, ya rataya mini babban kalangunsa, ya ce, "Riƙe mini. Riƙo na ce, ka ji ko?"

Na ce, "Na ji, Baba."

Ga gula a hannu, ga 'yan mata sun yi layi a gindin darbejiya suna kallona. Shaiɗan ya ce, ai jini ba ya ƙarya. Na matse, na buga abin da ya zauna mini a kai tun ina yaro, wanda nake ji kullum da sassafe ranar kasuwa. Wallahi ya fita tsaf! Har na fara rangaji.

Ashe taken shelar nama ne, wanda ake sanar da gari an yanka sa.

Kafin in farga, yara sun fara ɓullowa daga lunguna, kowa da kwano da kuɗi a dunƙule. Wata tsohuwa ta ratso taro tana haki, ta ce a ba ta na ɗari biyar a haɗa mata da tumbi. Gidan kuwa babu komai sai ragon suna a jikin wuta, wanda ba a taɓawa sai gobe. Sarkin Fawa ya fito rawani a karkace yana tambayar wa ya yanka sa bai sani ba. Ni dai hammatata ta jiƙe sharkaf, na rasa yadda ake sauke kalangu.

Da ya ga kwanuka sun fi ƙarfin haƙuri, sai ya sa yaransa suka kayar da san da aka tanada don kasuwar Juma'a. Kafin magariba ko ƙashi bai rage ba.

Baba bai yi mini magana ba har gida. Kaka kuwa dariya har da hawaye. Ya ce, "Abokina, shekara da shekaru ina jiran kalangu ya yi magana a hannunka, ashe talla ce a bakinka."

Yanzu aikina riƙe jakar liƙi. Sai dai Sarkin Fawa ya aiko sau biyu yana tambayar ko ina da sarari ranar Juma'a.